Ɗaya-Ɗaya Goma Sha Tara

"Malam, ka daina motsi, kada in yanke ka," in ji mai aski, ya janye rezar.

Tsohon bai saurara ba. Kumfa a haɓarsa, yana ta nuna bango da hannunsa mai lafiya. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, mai aski kan rufe shagonsa da hantsi ya shigo ya gyara masa fuska. Sun daɗe suna maƙwabtaka, tun Malam yana koyar da lissafi a sakandare. A bangon, sama da gado, akwai lambar da ya rubuta da alli kafin ya kwanta: ɗaya, ɗaya, ɗaya, har guda goma sha tara a jere.

"Da sha takwas ne, uku za ta raba ta," in ji Malam, harshensa na harɗewa. "Tara ma. Sha ɗaya ma. Amma ka ƙara ɗaya tak, shi ke nan. Ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta."

"To ni dai kan mutum nake rabawa, gefe da gefe."

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Autarsa ta shigo da ruwa, ta tallafe masa kai. Aikinta ta baro a wani gari ta zo jinya. Ya sha, ya dube ta kamar yadda ake duban baƙo mai kirki.

"Na gode, yarinya."

Mai aski ya ƙarasa gyaran fuskar. Da ya fito, ta biyo shi bakin ƙofa.

"Kawu, lamba yake tunawa. Kai ma ya san ka. Ni kuwa yarinya." Ta goge ido da bayan hannu. "Ina jin tsoron ya tafi bai san na zo ba."

Mai aski ya waiwayi ɗakin. Ya tsaya yana juya buroshi a hannu, can ya ce, "To ki shiga ajinsa mana. Ya fi son ɗaliba da mai jinya."

Washegari ya tarar da ita zaune a ƙasa gaban gadon, ta naɗe ƙafa. Malam kuwa idonsa ya buɗe tangaram.

"Ke, ta gaba. Me ya hana uku raba lambar nan?"

"Idan aka tara ɗaya-ɗayan, sha tara ne. Uku ba ta shiga sha tara daidai."

"Sha ɗaya fa?"

"Bibbiyu take ɗauka. Ɗaya zai rage."

"Wa ya koya miki?"

"Babana."

Malam ya daɗe yana kallonta. Mai aski ya riƙe numfashi, kumfar na bushewa a buroshi. Tsohon ya miƙa hannu ya dafa kanta.

"Ki gaishe shi. Ki ce masa ya yi sa'ar 'ya."

Ta kifa fuskarta a gefen katifa, kafaɗunta na girgiza, shi kuma bai ɗauke hannun ba. Mai aski ya tattara kayansa ya fita a hankali. Ranar ba a yi aski ba.

Bayan kwanaki kaɗan, da rana tsaka, yana tsakiyar yi wa wani direba aski ya ji Auta ta kira "Kawu" sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ya ajiye injin askin yana kunne, ya bar mutumin da rabin kai.

Kafin yamma layin ya cika da tsofaffin ɗaliban Malam da suka zo ta'aziyya, wasu da furfura. Mai aski ya fito musu da bencin shagonsa, ya zauna a dakali. Auta ta fito kawo musu ruwa. Takalman baƙi sun rufe nata a bakin ƙofa, sai ta zura silifas ɗin mahaifinta. Sun yi mata yawa. Ta tsallaka titi tana jan su a hankali, kada ruwan ya zube.