Murfin Kawu Bay Ya Gaza

Murfin akwatin gawar Kawu Bay Luom ya gaza da tsawon tafin hannu. Na aza shi a kan sauran katakan a tsakar gidansa, na ja gaba, na ja baya, giɓin yana nan. Matarsa, Goggo Bay, tana tsaye a kaina da farin ƙyallen makoki a hannu, ko ɗaurawa ba ta yi ba tukuna.

"Ƙara ja, Tu Cang," in ji ta. "Wataƙila ya yi tsawo."

"Goggo, katako ne fa, ba taliya ba."

Ni kafinta ne, shingen gora kawai ya raba gidana da nasu a bakin rafin Cho Thu. Kawu Bay gyaran rediyo ya yi duk rayuwarsa, har zamanin da mutane suka koma jefar da rediyo in ta lalace. Katakan nan tun da ƙarfinsa ya saye su, na itacen sao da ake ƙera jirgin ruwa da shi, don ƙasarmu ko ramin ayaba ka haƙa ruwa ne zai tarbe ka. Ni na auna shi a lokacin, ni na yanka. Aka ɗora su a saman kicin, Goggo tana hawa tsani tana goge su duk ƙarshen shekara.

Bara kunnensa ya yi nauyi. Sai ya riƙa ƙure ƙarar tsofaffin waƙoƙinsa na kaset har agwagin unguwa su watse. Goggo ta tsinke wayar sifikun ta yi igiyar shanya da ita. Ya hau mota zuwa Saigon, ya dawo da hedifon da wasu kwalaben lantarki biyu irin na cikin tsohuwar rediyo, kowace cikin safa. Ya haɗa 'yar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da hannunsa. In ya kunna, kwalaben su yi ja a hankali kamar garwashi. Fuskarta kuwa da gwangwanin biskit ya yi ta, har da rabin hoton saniya a jiki.

Wata rana ya shigo zaurena ya zauna a gadona. Gadon nan ubana ya bar min, falle biyu ne masu kauri na sao, sun yi baƙi da sheƙi saboda tsufa. A kansa muke cin abinci, a kansa muke kwana ni da matata Dieu. Kawu ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya kara kunne.

"Gadon nan ya fi ka tsawo, Tu."

"Daidai ni yake. Ɗauke hannunka, Kawu."

"Fuska nake so ka yi wa amfilifayata. Amma sai tsohon katako, busasshe. Sabo in ya ji zafin kwalabe zai lanƙwashe."

"Ba ni da shi."

"Ba ka da shi," ya ce, yana ta shafa gadon.

Washegari na nemi zartona na rasa. Da azahar sai ga shi da zarton a hannu ɗaya, da guntun katako a ɗayan, an yanka shi a karkace kamar kare ya gatsa. Ina juya katakon na ga alamar fensirina a jiki.

"Kawu! Murfinka ne wannan! Ka haukace?"

"Rage murya, tana wanki. Na ragu, Tu. Auna ni ka gani."

Ya tsaya a jikin ƙofa na auna. Gaskiyarsa ce: bayansa ya rankwafa, ya ragu fiye ma da tafin hannu.

"Ka gani? In ranar ta zo ka rage sauran katakan su yi daidai da murfin. Wa zai sani?"

Na zage shi iya abin da ake iya zagin dattijo, sannan na zauna na yi aikin, tunda an riga an yanke. Na daidaita gefen, na fere katakon ya yi siriri, na huda ramuka uku: na makunni, na murɗa ƙara, na wayar hedifon. Ya ce in sassaƙa masa dodo mai fukafukai a tsakiya.

"Dodo kuma? Gidan bauta za ka buɗe? Dubi zanen da itacen ya zo da shi, ka bar shi ya sarara."

Na bi shi da samfefa har ya yi santsi kamar kumatun jariri, na shafe da kakin zuma. Da ragowar na yi masa ɗan dunƙulen murɗa ƙara. Da muka ɗaura, ya zauna yana kallo ya daɗe.

"Sautin ma ya fi daɗi yanzu," in ji shi.

"Ƙarya kake, Kawu. Katako ba ya waƙa."

Ya cusa min hedifon a kai. Na ji mawaƙiyar ta ja numfashi kafin ta fara, nan dab da ƙeyata, ban san lokacin da na waiga ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Daga nan kullum bayan cin abincin rana yana cikin ragar lilo a barandarsa, hedifon a kai, yatsun ƙafa suna bin kiɗa. Haka ya cika. Ya ci shinkafa da kifin tukunya, har ya ƙara. Goggo ta fito tana masa faɗa kan ya bar takalmi a bakin ƙofa ta kusa faɗuwa. Bai amsa ba, dama ba ya amsawa. Sai da ta gama faɗan tas, sannan ta lura kaset ya daɗe da ƙarewa, yatsun ƙafar kuma sun tsaya.

Muka yi masa wanka, muka shimfiɗe shi a tabarma. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba ke nan: tsohon nan ya miƙe sambal. Rankwafawar ta tafi. Na sa igiya na auna, tsawonsa ya dawo cif kamar ranar da na fara auna shi. Babu abin da za a rage a akwatin. Ga shi malamin haikali ya ce a saka shi kafin rana ta faɗi.

Shi ya sa nake tsugune ina jan murfi kamar wawa.

"A sayo na kanti a gari," na ce.

"In saka shi a akwatin kanti kamar wanda ba shi da kowa? Mutumin da ya tanadi nasa tun gashinsa baƙi?"

"To in ƙara sabon sao."

"Ɗanye? Ya tsuke ruwa ya shigar masa ƙafa? Mutumin da ko yayyafi ya taka sai mura?"

Na ga dai dole in faɗa mata inda guntun ya tafi. Na buɗe baki ke nan ta nuna baranda da haɓa, inda amfilifayar take.

"Ba sai ka wahalar da kanka ba. Katakon da nake gogewa duk shekara ne ba zan gane ba? Tun ranar na tsare shi."

"Ya ce me?"

"Ya ce in kwantar da hankalina, Tu yana da sao a gida."

Na tashi na tsallaka shinge, ko ta ƙofa ban bi ba. Dieu tana zaune a gadon tana gyaran ganyen miya. Ta dubi zarton, ta dube ni.

"Tashi ki riƙe min can."

"Gadon ubanka? Wanda ko kofin shayi mai zafi ba ka bari a ajiye?"

"Riƙe kawai."

Ta fahimta, ta fashe da dariya, ga hawaye yana zuba. "Tsohon nan ya fi ka wayo da ransa, ya fi ka a mace. To ta ɓangarenka za ka yanka, ba nawa ba."

Na yanka ta ɓangarena. Ƙanshin itacen ya tashi kamar jiya aka sare shi. Na haɗa guntun da murfin haɗin haƙora, ba ƙusa ko ɗaya, na liƙe da ƙaron da ake liƙe jirgi. Rana tana kan bishiyoyin kwakwa muka aza murfin, ya zauna ɗaram. Goggo ta bi layin haɗin da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan.

"Tsohon banza," ta ce a hankali, sannan ta ɗaura ƙyallenta.

Bayan an gama zaman makoki Goggo ta shigo zaurena da amfilifayar da hedifon cikin kwanon wanki, ta rufa musu tawul.

"Ungo. Ni in na sa abin nan a kai ji nake kamar an kifa min tukunya."

Yanzu bayan abincin rana ni ne ke kunnawa. Ina kwance, ina jiran kwalaben su yi ja a bayan katakon, Dieu tana barci a dogon ɓangarenta. Dugadugaina kuwa a waje suke, suna reto, iskar rafi tana kaɗa su.