Baƙin Hoto a Wayar Rufa'i

Lokacin da aka rufe Sanaiya, unguwar ma'aikata ta Doha, saboda korona, ba shiga ba fita, Rufa'i ya samu kansa a ɗaki da mutum biyar da wasu littattafai da ruwa ya taɓa. A sitor ɗin da yake aiki ake ajiye littattafan makarantu. Wani kwali ya jiƙe, aka ce a zubar, shi kuwa ya kwaso. Duk labarin wani jarumin Girkawan dā ne, ɗan sarki, wanda ya haye teku don ya kashe dodo mai kan bijimi.

Kullum bayan azahar yakan karanta, yana juya musu da Hausa. Malam Nasidi, dattijon ɗakin, mutumin Kano mai gyaran mota, sai ya taɓe baki.

"Tatsuniyar maguzawa kuma da rana tsaka? Kai ɗan Kumasi, wutsiya za ka fito da ita."

Amma shi ne kan fara matso da kujera.

Tsoro ya riga ya zauna a ɗakin. Wahid, mai gadon ƙasa da na Rufa'i, wanda ke aikin ginin filin ƙwallo, ya yi ta tari, kowa yana cewa mura ce, a sha citta. Da aka ɗauke shi bai dawo ba. Ranar da labarin rasuwarsa ya zo, Rufa'i ya yi abin da kowa ke yi: ya cire hotonsa na WhatsApp ya sa baƙi. Kashegari wayar ta faɗa bokitin wanki ta mutu.

"Khalas, shi ke nan, ka bari a buɗe gari ka gyara," in ji Nasidi. "Allah na nan."

Haka ake yi a ɗakin. Komai a bari, tari a bari, zazzaɓi a bari, sai an fita da mutum a motar asibiti kowa ya hau salati. Rufa'i ma ya bari.

Bayan 'yan kwanaki ya kai littafi na ƙarshe. Jarumi ya kashe dodo, yana komawa gida. Tun kafin ya tafi ya yi wa tsohon ubansa alkawari: in yana raye zai ɗaura wa jirginsa farin ƙyalle, in ya mutu za a bar baƙi. Murna ta sa ya manta. Tsoho yana kan dutse yana duban teku, ya hango baƙi, ya faɗa ruwa.

Muryar Rufa'i ta tsaya. Littafin ya zame daga hannunsa.

Mahaifiyarsa ba ta karatu. Tana da hawan jini, kuma tun da cutar ta ɓulla ba ta barci. Shi da bakinsa ya ce mata: "Mma, kowace safiya Zuwera ta nuna miki hotona, wanda na ɗauka a Corniche, bakin teku, da farar jallabiya. In kin gan shi, lafiyata lau." Yanzu ƙanwar tasa me take nuna mata? Baƙi. Waya kuma a kashe. A Kumasi ba wanda ya san Wahid, ba wanda ke da lambar kowa a Doha. Abin da suka sani shi ne rediyo na cewa cuta ta shiga unguwar ma'aikata.

"Malam, ba ni wayarka. Zan sa layina."

"Ka goge min nawa WhatsApp ɗin? Saboda wani arne ya faɗa kogi?"

"Teku ne! Kuma uwata ce a kan dutsen!"

"To ka yi haƙuri mana, gobe..."

"Goben da muka ce wa Wahid?"

Nasidi ya dube shi, ya dubi gadon da ba kowa, ya miƙa wayar.

Garin sauri layin ya suɓuce wa Rufa'i ya faɗi ƙasa, sai da aka rarrafa aka nemo shi ƙarƙashin tabarma. Lambar Zuwera ba ta kansa, tana cikin matacciyar waya. Hoton Corniche ma can yake. Ya fizgo farar jallabiyarsa daga ƙusa, ya zura ta a baibai, ya ce Nasidi ya ɗauke shi hoto.

"Yi murmushi mana, ka yi kama da gawa."

Ya washe haƙora da ƙyar. Baƙin ya sauka, fari ya hau.

Sai saƙonni suka fara shigowa, wayar na ta kuka. Duk muryar Zuwera ce. Ya taɓa na farko: "Bra Rufa'i, wa ya mutu?" Na tsakiya kuka ne zalla. Ya kasa taɓa na ƙarshe. Ya danna kiran bidiyo.

Ta ɗauka ta ƙwalla ƙara, wayar ta kife. Ya ga silin, ya ga ƙarfen da ake rataya ledar ruwa, ya gane asibiti ne.

"Zuwera! Mma fa? Zuwera!"

"Ta faɗi, Bra. Na ɓoye mata, ta ƙwace wayar ta gani da idonta. Har tabarmi an shimfiɗa maka a ƙofar gida."

"Juya min ita."

Fuskar tsohuwa ta cika gilashin. Gefen bakinta ya karkace, ido ɗaya a lumshe. Ɗayan ya daɗe a kansa, yana bin goshinsa, hancinsa, wuyan rigarsa. Leɓenta ya motsa. Zuwera ta sunkuya ta kara kunne, ta ɗago tana dariya tana hawaye.

"Wai rigarka a baibai take."

Rufa'i ya zauna daɓas a kan gadon Wahid. Bayansa wani ya yi tari, busasshe, irin wanda duk suka sani. Nasidi bai ce mura ba ce. Ya miƙo hannu.

"In ka gama, ba ni wayar in kira asibiti."