Furen Sukari a Gidan Mai Goro

Maganar 'yar ƙaramar yarinya ce ta tunzura Ajuma. Ɗiyar malamin duwan, wato ma'aikacin kwastan na Gaya, mutumin Dahome, ta yi bikin ranar haihuwarta, aka yanka gato, wato kek, sai ta dubi Fatuma, ɗiyar Ajuma, a gaban 'yan lakwal, abokan karatunsu, ta ce ai 'ya'yan masu goro ko ranar da aka haife su ba su sani ba. Fatuma ta dawo gida tana shessheƙa.

Ba su sani ba? Ajuma da ta yi naƙudar ce za ta manta? Washegarin Mauludi ne, ana sanyin hunturu. Gato kuwa ba a gaya mata shi, don kafin aurenta ta yi girki gidan wata madam a bakin kogi har hannunta ya faɗa. Ta ce wa ɗiyar tata, "Share hawayenki. Gayyato su duka, har mai bakin. Ki ce musu naki da furanni."

Aikin ba na rago ba ne. Ta daka sukari a turmi har ya koma gari, ta tankaɗe da farin ƙyalle, ta kaɗa shi da farin ƙwan zabi da ɗigon lemun tsami, ta rina wani da ruwan zoɓo. Ta naɗe takarda kamar mazurari, ta dinga matso furanni ɗaya bayan ɗaya a kan faranti, bayanta na ciwo. Ƙarshen damina ne, iskar garin jiƙe take, sai da ta yi ta jan su kusa da murhu kafin suka bushe ƙarau. Ta jera su a gwangwanin biskit kan gasasshiyar shinkafa don ta shanye laima, ta rataye a ragaya saboda kiyashi.

Mijinta Alfari farken goro ne, kuma Allah ya yi shi da son taimakon da ba wanda ya roƙa. Ranar Mauludi Ajuma ta tafi kai wa innarta abinci, shi kuwa ya sauko da gwangwanin, ya taɓa fure ɗaya, ya ji shi ƙam. A sana'arsa abin da ya bushe ya zama asara. Bawan Allah ya zauna a tsanake ya naɗe su a ɗanyen ganye, ya yayyafa ruwa, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ya ajiye gindin randa tare da huhunan goronsa.

Washegari gato ya nuna a tukunya, ƙamshi ya cika gida. Ajuma ta miƙa hannu ragaya, wayam.

"Na gyara miki ajiyarki," in ji Alfari, yana murmushi. "Da kin yi asararsu."

Ta kwance ganyen. Wani jan dagwalo ne ke ɗiga, kiyashi sun yi baƙi a kai.

"Malam, goro ne? Na ce maka goro ne?"

"Abu mai daraja ai ba a barinsa ya bushe."

"Na taɓa sa hannu a huhunka? Ko da wasa?"

"To shafa shi haka nan mana, ai zaƙin na nan."

Wallahi wannan ta fi ƙona mata rai. Ya ɓata, kuma ga shi tsaye yana jiran godiya. Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ga muryoyin 'yan mata a zaure, ta ɗiyar malamin duwan ta fi ta kowa tashi.

Fatuma ta shigo da gudu cikin sabon zane. Ta dubi gaton, kansa fayau ba ko ɗigo. Ta dubi ganyen da ke hannun uwarta. Ba ta yi kuka ba, ta dai ja baya zuwa ƙofar ɗaki, ta ce a hankali, "Inna, fita ki ce musu ba ni da lafiya."