Kwana Arba'in na Malam Rabe

Shekara talatin Malam Rabe yana ɗori a Babban Duhu, kuma dokarsa ɗaya ce: wanda ya karye ya kwanta kwana arba'in, ko motsin kirki kada ya yi. Matarsa Turai ta haddace dokar nan kamar karatun allo. To, sai ga gwanin da kansa ya faɗo daga kan rumbu, kwatangwalo ya ruguje yadda ba karan da zai ɗaure shi. A Katsina aka yi masa aiki, aka sa masa na ƙarfe.

Ranar sallama wata nas ta zaunar da Turai. Ta ce kullum ya tashi ya taka, ya riƙa juya sawu ko yana kwance, ya sha ƙwayar tsinka jini har ta ƙare. In ya kwanta shiru jini zai daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya wuce huhu. Turai ta ce to, amma kanta ya ɗaure. Mutumin da aka farka jiya-jiya, shi za a ce ya yi tafiya? Ga ta tana dafa hanta don jini ya ƙaru, ga ƙwaya wai ta tsinka shi.

A gida Malam ya kafe. "Yarinyar da ba ta kai ɗiyata ba, ita za ta koya mani ƙashi?" Ƙwayar dai yakan haɗiye in Turai ta tsaya a kansa, amma sandar asibiti mai ƙafa huɗu ta zama maratayar riguna. Masu dubiya kuwa kowa ya zo sai ya ce kada ta bari ya motsa. Tsoro ya hana ta sukuni, don ba ta san wanne ne zai kashe mata miji ba, kwanciyar ko tafiyar. Takan ajiye buta a bakin ƙofa ko zai taso, can tausayi ya kama ta ta mayar masa.

Akwai wani Mani, tela daga Batsari, da aka sauya wa gwiwa, gadonsa kusa da na Malam a asibiti. Kullum da safe sai ya bugo waya neman shawara.

"Kwanta abinka, Mani," in ji Malam. "Arba'in cif. Ƙwayar ma ka aje, jinin naka nawa yake?"

Ranar sha biyu da hantsi wayar ta yi ƙara. Lambar Mani ce, amma muryar matarsa Rashida ce, Turai na ji daga bakin gado. Ta ce sha-raɓar Mani ta kumbura kwana biyu, ta yi zafi. Yau numfashi ya gagara, kafin a samo mota Allah ya karɓi abinsa.

"Kwana ne ya ƙare, Malam," ta ce cikin kuka. "Bai taɓa saɓa maganarka ba. Ko taku guda bai yi ba."

Malam ya yi salati, ya ajiye wayar. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa.

"Turai, sauke rigunan nan daga bisa sandar."

"Arba'in ɗin fa, Malam?"

Hannu kawai ya miƙo mata.