Baba Bawa da Tsohon Bakin Ƙofa

"Kai, Amiru, dakata! Haka za ka wuce mutum ba ko sannu?"

Amiru ya waiwayo, hannun gem, abin sarrafa wasan talabijin, a riƙe. Maƙwabcinsa ne, Baba Bawa, tsaye a bakin shago da shebur a kafaɗa, ƙafafunsa sun yi fari fat da yashin gulbi. Mazan da ke kan benci suka kwashe da dariya.

"Wane mutum, Baba?"

"Wancan tsoho na cikin talabijin. Ya ba ka ruwa, ka amshe salka, ka juya mishi baya. Wa ya koya maka haka?"

A shekarar nan ruwa ya ƙi Sabon Birni. An yi shuka ta tsiro ta ƙone, aka sake, ta sake ƙonewa. Magidantan da ya kamata a ce suna duƙe a gona sai ga su a gari, ba abin yi sai duban gabas. Shagon Amiru na cajin waya ne, amma yana da tsohuwar talabijin da injin gem da ya sayo a Maraɗi. Da yake janareto na aiki dama, sai shagon ya zama majalisa. Daga azahar zuwa la'asar mutum yakan manta da gonarsa.

Wasan da suka fi so na wani saurayi ne mai takobi da ke ratsa hamada zuwa wani birni a bayan duwatsu. A gindin dutse akwai babbar ƙofar ƙarfe, a gefenta bukkar wani tsoho shi kaɗai. Duk lokacin da saurayin ya iso a galabaice, tsohon zai miƙa masa salkar ruwa. Can in dodanni suka taso, shi ne zai buɗe ƙofar, ya tura saurayin ciki, ya rufe, ya jingina bayansa da ita. Daga nan ba a sake ganinsa. Amiru ya wuce wurin nan sau ba adadi, bai taɓa tsayawa ya dubi fuskar tsohon ba.

"To ga ni na dawo da baya," in ji Amiru, yana murmushi. Ya juyo da saurayin ya tsayar da shi gaban bukkar. "Mi za ni ce mishi?"

"Ba sai ka ce komi ba. Tsaya dai kaɗan."

Baba Bawa ya jingine shebur, ya zauna a ƙarshen benci. Wannan ne karon farko da ya shiga shagon, duk da katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidan Amiru. Matarsa Tani ta rasu tun Amiru yana ƙarami, 'ya'yan da suka haifa ba wanda ya girma, 'yan uwansa kuma sun watse tun wata tsohuwar yunwa. Tun da gulbi ya ƙafe bana, kullum da sassafe yake fita ya tona ramuka a cikin yashi har ruwa ya tsattsafo, makiyaya su shayar da shanu, mata su cika tuluna. Ba wanda ya sa shi, kuma ba ya karɓar ko ƙwaryar nono sai an rantse masa.

Tsayawar da aka yi ita ta jawo gardama. Illo, ɗan kasuwar da ke tsintar Faransanci saboda zirga-zirgar Maraɗi, ya karanta rubutun da ya fito a ƙasan talabijin. "Cewa ya yi, 'Tafi, ni ina nan.' Shi ke nan maganatai. Ni na ce wanga tsoho dukiya ya binne cikin bukkar nan, shi ya sa ba shi son barin wurin."

"Ina!" in ji Maliki, manomi daga wajen Kurawa, wanda ya fi kowa iya wasan. "Ubanshi ne. Ya ɓoye mishi ne. In ba uba ba, wa zai tsaya dodanni su cinye shi don wani?"

"Ko kuwa ba shi da hankali," wani ya ce daga baya.

Baba Bawa ya girgiza kai, idonsa na kan talabijin. "Dut ba ku gane ba. Ku dubi inda ya aje tabarmarshi. Ba cikin inuwa take ba, bakin hanya take. Wanga mutum tun da sahe shike cika salkar nan shina sauraren taku. In ya hango ƙura can nesa, zuciyarshi har rawa take. Baƙo ya zo, ya sha, ya yi ajiyar zuciya, to shi ranar ta yi mishi kyau ke nan. Daɗi shika ji, ba wani abu ba."

"To mutuwar fa, Baba?" Maliki ya tambaya.

"Ka taɓa ganin an ba mutum ruwa, sa'an nan a bari a kashe shi a ƙofar gida? Ai ɓarnar ruwa ce."

Shagon ya ɗauki dariya, har shi kansa tsohon ya yi, haƙoransa na gaba biyu da suka rage a waje.

Daga ranar Baba Bawa ya zama ɗan majalisa. Yakan dawo daga gulbi, ya yi salla, ya zo ya ce a kai shi wurin abokinsa. Amiru ya koya masa riƙe hannun gem. Yatsunsa sun kumbura da aikin shebur, in ya danna maɓalli ɗaya sai biyu su dannu, saurayin ya yi tsalle ya faɗa rami. "Subhanallahi, na kashe ɗan mutane!" zai ce, maza su yi ta buga cinya. Da ya ƙware kuwa, ba ruwansa da takobi ko dodanni. Zai lallaɓa da saurayin har gaban bukka, ya ce, "Salamu alaikum, mai gida. Ina gajiya? Yaya zafi?" Sai ya ajiye hannun gem a cinya, su yi shiru tare, iska na kaɗa rigar tsohon na cikin talabijin.

Wata rana bayan kowa ya watse, Amiru yana naɗe wayoyi, ya ce, "Baba, kai fa? Mi ya sa kake wahal da kanka a gulbin nan? Ba ka da saniya ko ɗaya."

"Ka taɓa zuwa bakin ramin da hantsi?"

"A'a."

"To ka zo ka ji. Shanu na kuka, Hillani na kiran su da suna, mata na faɗa kan wa ta riga wa. Kowa sai ya ce, 'Baba Bawa, raba mu.' A gida kuwa in na yi tari, ni ka amsa ma kaina sannu." Ya ɗauki sheburinsa. "Kada ka ɗauke ni waliyyi, ɗana. Hayaniya nike so."

Amiru ya ba matarsa Safiyatu labarin nan a wajen cin tuwo. Ba ta yi dariya ba. Washegari ta ce wa Amiru ya fasa katangar da ke tsakaninsu da Baba Bawa ya yi 'yar ƙofa, don ta gaji da zagayawa da kwano ta titi. Da Baba Bawa ya dawo ya ga ƙofar, ya tsaya ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce an yi ta a karkace.

Zafi ya ƙaru, ruwa ya ƙara nisa a cikin yashi. Wata Talata makiyaya suka kawo Baba Bawa a kan jaki, ya yanke jiki ya faɗi a cikin rami. Amiru da Illo suka kai shi asibiti. Likita ya ba da magani, ya ja Amiru gefe ya ce zuciyar tsohon ta gaji, a mai da shi gida a kula da shi. Baba Bawa ya fahimta ba tare da an faɗa masa ba. A hanya abin da kawai ya tambaya shi ne wa ya ɗauko masa sheburinsa.

Ramukan ne suka dami Baba Bawa. In aka kwana biyu ba a yashe su ba, yashi zai rufta ya rufe ruwan. Amiru ya faɗa wa majalisa. Maliki ne ya miƙe. "Mu da muke zaune muna kashe dodannin ƙarya. Ku tashi."

Da safe suka fita da shebur da kwanduna. Amiru bai taɓa sanin yashi na da nauyi haka ba. Tafin hannunsa ya yi bororo, Illo ya zame ya zauna daɓas a cikin laka, matan da ke jira da tuluna suka yi masa guɗa. Da ruwa ya tsattsafo, wani makiyayi mai suna Usmanu ya ɗebo na farko a 'yar ƙwarya ya ce a kai wa mai ramin. Amiru ya kawo shi har gida yana tafiya a hankali kada ya zube.

Baba Bawa ya kurɓa, ya juya shi a baki. "Kun tsaya da wuri. Da kun ƙara kamu ɗaya da ya hi haka sanyi." Ya sake kurɓa. "Amma ya yi. Wa ya raba faɗan mata?"

"Illo."

"Wayyo, sun cinye shi ke nan."

Ranar Juma'a bayan an sauko, Maliki ya zo da wata shawara. Ya ce ya kwana yana tunani, lalle akwai hanyar da za a ceci tsohon bakin ƙofa, kuma yana so Baba ya gani da idonsa. Suka ja waya ta sabuwar ƙofar, suka ɗora talabijin a kan turmi a tsakar gidan Baba Bawa, aka fito da shi aka jingina shi da matashi a inuwar ɗaki. Gidan ya cika, har Safiyatu da maƙwabtanta suna leƙe ta kan katanga.

Maliki ya naɗe hannun riga. Saurayin ya karɓi salka, dodanni suka taso, tsoho ya buɗe ƙofa. Maimakon saurayin ya shiga, sai Maliki ya juyo da shi ya fuskanci dodannin. Ya sare na farko, ya sare na biyu, tsakar gida ta ɗauki ihu. "Sare shi! Ga wani bayanka!" Gumi na tsiyaya daga haɓar Maliki. Ya kusa gamawa da su ke nan sai tsohon na cikin talabijin ya taho ta baya, ya cafki wuyan rigar saurayin, ya wurga shi cikin ƙofa, ya rufe garam.

Sai ga wata irin dariya daga inuwar ɗaki. Baba Bawa ne, yana dariya yana tari, hawaye na bin kumatunsa, yana nuna talabijin da yatsa. "Kun gani! Kun ga taurin kai! Na gaya muku ba shi so. Ku bar mutum da aikinshi!"

Maliki ya ajiye hannun gem, ya rufe fuska, shi ma ya fashe da dariya. Safiyatu ta miƙo ƙwaryar fura ta kan katanga, aka yi ta zagayawa da ludayi. Ba wanda ya tashi sai da aka kira la'asar. Da za su fita, Baba Bawa ya bi su ɗaya bayan ɗaya da suna yana sa musu albarka, ya ce wa Illo ya daina shiga faɗan da ya fi ƙarfinsa.

Bai ƙara kwanaki da yawa ba. Wata safiya Amiru ya kawo masa koko kafin ya tafi gulbi. Ya sha ludayi biyu, ya ce ya isa, ya tambaya ko sauran sun riga sun fita. Amiru ya ce sun fita, ga muryar Maliki can yana tsokanar Illo a kan titi. Tsohon ya karkata kai yana saurare, yana murmushi. Sai ya kama hannun Amiru, ya yi kalmar shahada a hankali, sau biyu, ya jingina kansa da bango. Amiru ya jira ya ji numfashi na gaba, bai zo ba. Ya shafa masa idanu, ya zauna riƙe da hannun har kokon ya huce, sannan ya tashi ya kira Safiyatu.

Amiru ya ɗauka 'yan majalisa da mutanen unguwa ne kawai za su raka shi. Amma labari ya bi shanu. Kafin azahar makiyaya sun fara isowa daga Kurawa da Tsamaye, wasu har daga wajen Isa, da sandunansu a kafaɗa. Usmanu ya ce shi zai shiga kabari ya karɓe shi, ba wanda ya yi masa gardama. Bayan an dawo, gidan ya kasa ɗaukar masu gaisuwa, aka shimfiɗa tabarmi har cikin gidan Amiru. Kowa da labarinsa. Wata tsohuwa ta ce ya taɓa korar ta daga bakin rami don ta zagi saniyar wani mai jin ƙishirwa, ta faɗa tana kuka tana dariya.

Amiru ya fito ɗebo ruwan sha ga baƙi, sai ya kasa samun wurin taka ƙafa. Bakin zauren Baba Bawa ya cika da takalma, na roba da na fata da na tayar mota, sun hau kan juna har sun gangara titi. Wani ɗan akuya ya ɗauki igiyar ɗaya yana tauna. Amiru ya kore shi, ya ajiye butar da ke hannunsa, ya durƙusa yana haɗa su ƙafa da ƙafa yana jerawa a gindin bango.