Dattijon Cikin Tabarau

Tun ranar da babur ya kayar da mijina Mujitaba a hanyar Badafi ya bugu a ka, hannunsa na dama ya daina jin magana. Hannun da yake cilla 'yarmu Zulaihat sama tana ƙyalƙyala dariya, ni na koma ɗaga masa shi ina zura shi a riga. Na yi kuka har hawayen ya gaji da ni.

A wani asibiti a Kano aka sa shi cikin masu gwada wata na'ura. Ana ɗaure hannun a jikin hannun ƙarfe mai tallafa masa, a sa masa tabarau. A ciki yana ganin ɗakin yadda yake, sai wani mutum ya bayyana ya miƙo hannu su gaisa.

Aka yi ta zuwa, na'ura ba ta nuna ci gaba ba. Likita Asibi mai kula da shi ta ce, "Malam Mujitaba, kullum sai ka kawo na hagu ka tallafi na dama. In aka ci gaba haka, dole a ba wani gurbinka, masu jira da yawa."

Na juya wajen Mujitaba.

"Haba Abban Zulaihat," na ce, "ƙarfen ma sai ka yi masa wayo?"

"Wallahi ba da gangan ba ne."

"Likita," na ce, "don Allah in ga abin da yake gani."

Ta sa mini tabarau. Sai ga dattijo, gemu fari fat, yana miƙo hannu. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Dariya ta ƙwace mini, hawaye na bin ta.

"Ai sa'an babansa ne! Ta ina zai ba dattijo hannu ɗaya?"

Likita ta riƙe baki. "Ikon Allah! Haka yayyena ma suke gaida Baba." Ta danna kwamfuta, ta sauya dattijon da wani yaro matashi mai rigar ƙwallo.

"Wannan ɗan tsakon?" in ji Mujitaba. "Kai, matso nan."

Na hagu ya zauna a cinya. Na dama ya yi rawa, ya tashi a hankali, ƙarfen yana bin sa kamar ɗan rakiya. Bai kai ba, a rabi ya tsaya, gumi na tsiyaya. Amma ba wanda ya ɗaga masa.

"Sai Laraba," in ji Likita. "Gurbinka na nan."

Bayan Allah na rasa wa zan fara yi wa godiya. Na damƙe hannunta ina ta sa mata albarka, na kasa saki, har sai da Mujitaba ya ce, "Fa'iza, sakar mata mana, da shi take aiki."