Amanar Dogo

Da aka tura ɗana aiki wani gari, sai ya kawo mana karensa. Kare ne dai, amma in ya miƙe da ƙafafun baya sai ya dafa saman firji. Dogo muke ce masa. Ba ya faɗa, ba ya gadi, aikinsa ya jingina da mutum da duk nauyinsa, yawu na zuba.

"Baba, amana ce," in ji ɗana. "Irinsu kaɗan-kaɗan ake ba su abinci. In ya ci, a bar shi ya kwanta. In ya cika ciki ya yi gudu, cikin murɗewa yake yi."

Ni na ji na riƙe. Matata kuwa, a wurinta duk mai rai da ya rame a gidanta an ci mutuncinta.

"Malam, dubi ƙugunsa. So kake maƙwabta su ce yaro ya bar mana dabba mun hana ta abinci?"

"Haka Allah ya yi shi. Ki rabu da shi."

"Kai ma haka ka ce da na aure ka, ga shi yanzu wando ba ya rufuwa."

Ran nan na dawo daga shago da rana, na tarar da bahon wanki an lashe shi tas. Ashe matata ce ta cika masa shi da ragowar abinci, sannan ta yi ta jefa masa ƙwallo, wai don abincin ya sauka. Ga Dogo tsaye, kai a ƙasa, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, ciki ya yi tauri kamar ganga.

Mai tasin da na kira don mu kai shi wurin likita ya leƙo, ya ga girmansa, ya ja motarsa. Sai maƙwabcinmu kafinta ya kawo motar katako, muka ɗora Dogo a kan murfin ƙofa muka ciccibe shi, bayana na ƙara. Likitan dabbobi bai tsaya surutu ba, ya shiga da shi ya yi masa aiki.

Ya rayu da ƙyar. Da na yi mata faɗa, cewa ta yi, "To, da na bar shi da yunwa fa?"

Yanzu da shi nake tafiya shago kullum, kwanonsa a jakata. Yana kwance a bakin ƙofa, masu sayayya don tsoronsa suna tsayawa daga titi suna miƙo hannu.